Darasi na 12: Ciwon Ciki Bayan an Cire Maɗaciya

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi, ana son ɗalibi ya iya:

1. bayyana aikin maɗaciya a jikin mutum;
2. faɗin dalilan da ke sa ciki ya ci gaba da ciwo bayan an cire ta;
3. gane alamomin da ba a kwana da su a gida;
4. tsara wa mai jinya abinci daga abin da ake samu a kasuwarmu.

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa gyaran kifi a bakin kogi, ko ya tsaya kusa da mahauci ranar kasuwar Guri yana fiɗar akuya, ya san maɗaciya, wadda wasu ke kira matsarmama. 'Yar jaka ce koriya, manne a ƙarƙashin hanta. Mahauci yakan sa bakin wuƙa a hankali ya ɓamɓare ta ya yar, domin in ta fashe, hantar ta yi ɗaci ke nan, ko an wanke ta.

Mutum ma yana da tasa, kuma akan yi masa tiyata a cire ta idan ta kamu da cuta. Mafi yawan waɗanda aka yi wa wannan aiki suna warkewa sarai. Amma kimanin mutum 10 zuwa 15 cikin kowane 100 sukan ci gaba da fama da ciwon ciki, ko gudawa, ko kumburin ciki, ko tashin zuciya. A nan ne surutu ke yawa a gida. Wannan ya ce likita ya manta da almakashi a ciki, wancan ya ce jifa ne, wata ta ce ai wanda aka cire wa maɗaciya ba ya daɗewa. Mai jinya yana ji, tsoro ya ƙaru a kan ciwo. Gaskiyar magana ita ce, wannan ciwo yana da dalilai sanannu, kuma mafi yawansu suna da magani idan an koma asibiti da wuri.

Aikin maɗaciya

Abu na farko da za a riƙe shi ne, ba maɗaciya ce ke yin ruwan nan mai ɗaci ba. Hanta ce ke yin sa, dare da rana, abin da ya kai rabin lita zuwa kusan lita guda kullum. Amfaninsa narkar da maiƙo: kitse, man shanu, man gyaɗa, manja. Daga hanta yana bin wani siririn bututu ya zuba a farkon ƙaramin hanji, dab da inda abinci ke fitowa daga tumbi. A bakin bututun akwai wani zoben tsoka da ke tsukewa yana buɗewa.

Ita maɗaciya ma'ajiya ce kawai. Tsawonta santimita 7 zuwa 10, abin da take ɗauka kuma kimanin babban cokali uku ne. Tana tara ruwan ta sa ya yi kauri, sai an ci abu mai maiƙo ta matse, ta feso shi cikin hanji.

Mutumin Guri ya san irin wannan a kogi. Madatsar Tiga da aka gama a 1974 da ta Challawa da aka gama a 1992 ba su ke yin ruwan Kogin Haɗejiya ba. Riƙe shi suke yi, su sake shi in an buɗe ƙofa. Haka maɗaciya take. In an cire ta, hanta ba ta daina aiki. Ruwan ne dai ba shi da wurin tsayawa, sai ya riƙa tsiyaya cikin hanji kaɗan-kaɗan, ko da abinci ko babu. Shi ya sa mutum ke rayuwa lafiya lau ba tare da ita ba. Namiji ya yi noma ya yi su, mace ta haihu ta shayar.

Me ke sa a cire ta?

Galibi tsakuwa ce. Ba tsakuwar shinkafa ba ce da mutum ya haɗiya, kamar yadda wasu ke zato. A cikin jakar take ƙulluwa idan ruwan ya daskare. Mata sun fi maza samun ta, musamman masu ƙiba, da waɗanda suka haura shekara 40, da masu yawan haihuwa. A ƙasarmu akwai wani babban dalili kuma, wato amosanin jini, wanda ake kira sikila. Jar ƙwayar jinin mai lafiya takan yi kwana 120 tana aiki, ta mai sikila kuwa kwana 10 zuwa 20 ta fashe. Dattinta ta hanta yake fita, sai ya taru ya zama baƙar tsakuwa tun mutum yana matashi.

Wannan tiyata ba sabuwa ba ce. Wani likitan Jamus, Carl Langenbuch, shi ya fara yin ta a birnin Balin a 1882. A 1985 wani Bajamushen, Erich Mühe, ya fara cire maɗaciya ta ƙananan huji da taimakon na'urar leƙa ciki. Har yanzu hanyoyin biyu ake bi: ko a tsaga ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ko a yi huji uku ko huɗu a zura kyamara.

Dalilan ciwon da ke biyo baya

Za mu kasa su gida biyu.

Kashi na farko: waɗanda suka shafi ruwan maɗaciya da bututunsa.

Gudawa. Yawanci ƙarshen ƙaramin hanji yana tsotse kusan kashi 95 cikin 100 na sinadarin ruwan maɗaciya ya mayar wa hanta. Idan abin da ya wuce zuwa babban hanji ya yi yawa, sai ya jawo ruwa, mutum ya ji bayan gida ya matso shi ba shiri, musamman da safe ko bayan cin maiƙo. Ga mutane da yawa wannan yakan lafa cikin makonni ko 'yan watanni. In ya ƙi, akwai maganin gari mai suna kolestiramin da likita ke rubutawa, yana kama sinadarin a cikin hanji.

Ruwan ya koma tumbi. Wani lokaci yakan yi sama maimakon ƙasa, ya kawo zafin ƙirji, da ɗacin baki, da aman ruwa kore ko rawaya.

Tsakuwa a bututu. An cire jakar, amma wata tsakuwar ta riga ta gangara cikin bututu, ko sabuwa ta ƙullu a can bayan shekaru. In ta toshe hanya, ciwon yakan dawo sak irin na da, a saman ciki ta dama, yana harbawa baya ko kafaɗa.

Rauni ko ƙuncin bututu. Ba kasafai ake samun sa ba, bai kai mutum 1 cikin 100 ba, amma yana da haɗari. Ruwan yana iya yoyo cikin ciki kwanaki kaɗan bayan aiki, ko tabo ya tsuke bututun bayan watanni.

Zoben tsoka ya ƙi sakewa. Ruwan ya taru a baya, ciwo ya turniƙe na rabin awa ko fiye, sannan ya saki.

Kashi na biyu: cututtukan da tun asali ba na maɗaciya ba ne. Wannan kashi shi ya fi muhimmanci gare mu. Mutum yana iya kasancewa da tsakuwa, kuma yana da wata cutar daban. An cire tsakuwa, ɗayar tana nan daram.

Gyambon ciki, wato olsa, shi ne kan gaba. Wata ƙwayar cuta mai suna H. pylori ce ke jawo mafi yawansa. Likitoci biyu na Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, su suka gano haka, har aka ba su kyautar Nobel a 2005. Ana gwada ta a bayan gida, ana kashe ta da haɗin magunguna na kwana 10 zuwa 14.

Sai cututtukan ruwa. Mu mutanen fadama ne. Masunci yana cikin ruwa, mai dashen shinkafa yana cikin ruwa, yara suna wanka a kududdufi. Tsargiya iri biyu ce: wadda muka sani mai sa fitsarin jini, da wadda ke zama a jijiyoyin hanji da hanta, tana kawo ciwon ciki da gudawa da kumburin saifa. Akwai atini, akwai macijin ciki wanda har bututun maɗaciya yakan shiga. Ban da cututtukan ruwa, akwai ciwon hanta nau'in B. Akwai kuma kumburin wata gaɓa da ke bayan tumbi, wadda likitoci ke kira fankiriyas. Ko ciwon zuciya yakan zo da kamar ciwon saman ciki, musamman ga dattawa da masu ciwon suga.

Tunda dalilan sun kai haka yawa, ba mai iya zama a zaure ya ce ga wanda ke damun wane. Sai gwaji.

Karatu: Hira a asibitin gari

Ɗalibai biyu su karanta wannan misali da ƙarfi. Wata dattijuwa ce mai bandar kifi ta zo wurin ma'aikaciyar lafiya, wata huɗu bayan an yi mata aiki.

Ma'aikaciya: Sannu da zuwa, Inna. Yaya jikin?

Inna: Da sauƙi, 'yar nan. Wurin ɗinki ya warke sumul. Cikin ne dai ya ƙi ni. Ina cin abinci sai in nemi bayan gida, ko kasuwa na daina zuwa don kunya.

Ma'aikaciya: Allah ya sawwaƙe. Wane abinci ya fi tayar miki da shi?

Inna: Ƙosai da safe. Da soyayyen kifi. In na sa man shanu a tuwo kuwa, ranar ba zama.

Ma'aikaciya: In kin sha kunu zalla fa?

Inna: Wannan lafiya lau.

Ma'aikaciya: Ɗago ido in gani, Inna. Madalla, fari ne tas. Fitsari fa, ya canza launi? Akwai zazzaɓi ko rawar sanyi?

Inna: Babu ko ɗaya. Sai wani zafi nan ƙahon zuciya, cikin dare.

Ma'aikaciya: Me kike sha in ya taso?

Inna: Jikana yakan karɓo mini ƙwayar ciwon jiki a kemis. Ga ledar. Wani lokaci in jiƙa kanwa.

Ma'aikaciya: Wannan ƙwayar ita ce diklofenak. Tana cin bangon tumbi, daga yau a ajiye ta. Kanwar ma a bari. Kin zo da takardar da aka ba ki ranar sallama?

Inna: Tana nan a ƙullin zane, ban taɓa rabuwa da ita ba.

Ma'aikaciya: Kin kyauta. Gudawar ta yi kama da ta ruwan maɗaciya, amma zafin daren nan sai an bincika. Zan rubuta miki gwajin bayan gida da na jini, sannan ki je Haɗejiya a yi miki sikanin. Kafin nan, ki bar suya, ki koma dafaffe da gasasshe.

Inna: To aikin bai lalace ba ke nan?

Ma'aikaciya: Ban ga alamar haka ba, Inna. Gwajin ne zai tabbatar mana.

A lura da abubuwa uku da suka taimaki wannan dattijuwa: ta san abincin da ke tayar mata da ciwo, ta kawo ledar maganin da take sha, ta kuma adana takardarta.

Alamomin da ba a kwana da su a gida

Idan wanda aka cire wa maɗaciya ya nuna ɗaya daga cikin waɗannan, a kai shi asibiti a ranar:

1. farin ido ko fata ta yi rawaya, wato shawara;
2. fitsari ya yi duhu, bayan gida ya yi fari, jiki yana ƙaiƙayi;
3. zazzaɓi da rawar sanyi tare da ciwon saman ciki;
4. ciwo mai tsanani da ya ɗauki awanni bai saki ba;
5. amai ba tsayawa, ko aman jini, ko baƙin bayan gida mai yauƙi;
6. ciki ya kumbura ya yi tauri, ba a iya taɓa shi;
7. wurin ɗinki yana fitar da mugunya ko ruwa kore;
8. rama ba dalili.

Idan shawara da zazzaɓi da ciwo suka haɗu, alama ce bututu ya toshe, ƙwayar cuta ta shiga. Wannan yana iya kisa cikin kwanaki kaɗan. Jiƙon shawara ba ya buɗe bututu, kuma kwanakin da aka ɓata ana jiran ya yi aiki su ne kwanakin da ake ceton rai a cikinsu.

Mu da ke tsakanin ruwa sai mun yi shiri tun da wuri. A watannin Agusta da Satumba hanya takan yanke, kamar yadda aka gani a ambaliyar 2022. Gidan da ke da mai irin wannan jinya, ko a Kadira yake, ko Abunabo, ko Musari, ko Margadu, ya ajiye lambar mai kwalekwale da ta direba, ya ware ɗan kuɗin mota, ya sa takardun asibiti cikin leda a ɗaure.

Abin da ake yi a asibiti

Ana farawa daga asibitin da ya fi kusa. Daga nan akan tura mutum Babban Asibitin Haɗejiya ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Nguru. In abin na ƙwararru ne, sai Asibitin Rasheed Shekoni a Dutse ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Gwajin jini yana nuna ko hanta tana cikin matsi. Sikanin yana nuna ko bututu ya buɗe fiye da kima. Gwajin bayan gida yana kama tsutsa da atini da ƙwayar olsa. Akwai kuma siririyar na'ura mai kyamara da ake zurawa ta baki a duba tumbi. Da irinta ne ƙwararru ke zaro tsakuwa daga bututu ba tare da an sake tsaga ciki ba, amma a manyan asibitoci kaɗan ake yin wannan.

Abinci

Ba a ce mai jinya ya zauna da yunwa ba. Ƙa'idojin huɗu ne.

A rage maiƙo. Kifi nama ne mai kyau, Allah kuma ya hore mana shi. A ci shi dafaffe, ko gasasshe, ko banda a miya. A cire fatar kaza, a yanke kitsen nama. Ƙosai, da soyayyar awara, da tsire mai kitse, da man shanu, a jinkirta su, sannan a dawo da su ɗaya bayan ɗaya, kaɗan-kaɗan, ana lura da abin da ciki ya karɓa.

A ci kaɗan, sau da yawa. Maimakon a cika ciki da tuwo sau biyu, a raba shi sau huɗu ko biyar. Ruwan da ke tsiyaya a hankali ya fi iya narkar da ɗan abinci.

A ƙara ganye da hatsi sannu a hankali. Miyar kuka, kuɓewa, zogale, kabewa, kunun gero, wake da ya dahu luguf. In an ɗora su da yawa lokaci guda, ciki yakan cika da iska.

A sha tsabtataccen ruwa. In ana gudawa, a haɗa ruwan gishiri da suga na leda bisa ƙa'idar da aka rubuta a jikinta. Yaji mai yawa, da shayi mai kauri, da lemon kwalba suna tayar wa wasu da ciwo.

Lokacin azumi a yi hattara. Ciki ya yini ba komai, sai a buɗa baki da ƙosai da soyayyen kifi, ciwo kuwa ya ce ga ni. A fara da dabino da ruwa da kunu, a ɗan huta, sannan a ci dafaffen abinci. Wanda bai daɗe da fitowa daga tiyata ba ya nemi shawarar likita, malamai kuma sun yi bayanin rangwamen da shari'a ta yi wa mara lafiya na ya sha ya rama.

Abubuwan da za a guje wa

Kada a sayi maganin ciwo barkatai. Diklofenak, da ibufurofen, da asfirin suna tsananta olsa. Kodin da danginsa sukan sa zoben tsokar nan ya ƙara tsukewa, ciwon wanda ba shi da maɗaciya ya ninku. Ko farasitamol in ya wuce ƙa'ida yana lahanta hanta. Kada a yi tsaga ko ƙaho a kan ciki. Wanda aka yi wa babbar tsaga ya bar daka, da ɗaukar buhu, da jan taru, da tuƙin kwalekwale na kimanin mako shida, don kada wurin ɗinki ya saki ya yi ƙullutu.

'Yan uwa ma suna da nasu aikin. Mace mai gudawa takan ɓoye don kunya, magidanci yakan daure don kada a ce ya cika raki. A tambaye su cikin sirri da tausasawa, kada a ce musu ai an gama kashe kuɗi a kansu.

Tambayoyi

1. Wace gaɓa ce ke yin ruwan maɗaciya, kuma mene ne amfaninsa?
2. Me ya sa masu sikila ke yawan samun tsakuwar maɗaciya?
3. Kawo cututtuka uku da ke kawo ciwon ciki waɗanda ba na maɗaciya ba ne.
4. Waɗanne alamomi uku ne in sun haɗu suke nuna bututu ya toshe?
5. Waɗanne abubuwa uku ne suka taimaki dattijuwar da ke cikin hira?

Aikin gida

Ja layi a littafinka ka yi gida huɗu: rana, abin da aka ci, lokacin da ciwo ya taso, yanayin bayan gida. Ka cika shi na mako guda, don kanka ko don wani mai ciwon ciki a gidanku. Irin wannan takarda tana rage wa likita rabin aiki. Sannan ka rubuta abincin yini guda, daga karin kumallo zuwa na dare, wanda babu suya a cikinsa.

Kalma ga ɗalibi

Kai da ka iya karatu yanzu, kai ne idon gidanku. Idan akwai wanda aka cire wa maɗaciya a unguwarku yana kukan ciki, karanta masa alamomin nan takwas, ka duba idonsa a hasken rana, ka tattara masa takardunsa da ledojin maganinsa, ka raka shi asibiti. Kada ka bari ciwon ya kwantar da shi kafin a tashi.